Koren Ɗakin Sista

Shekarar da aka kai ni Kazaure a gidan haya muka zauna, wani dogon gida mai ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida ɗaya, rijiya a tsakiya, darbejiya a ƙofar gida. Daga wani ƙauye kusa da Gwiwa aka ɗauko ni, kuma kafin nan ban taɓa kwana a ɗakin siminti ba. Maigidana hatsi yake saye a kasuwanni, yau Babura, gobe Roni, jibi ya bi mota ya kai Kano, don haka yawancin yini ni kaɗai nake, daga ni sai rediyo sai jeren kwanukana. Matan gidan duk sun girme ni, kowacce da 'ya'yanta da hidimarta. Suna da kirki, amma gaisuwa ce kawai take haɗa mu.

Ɗakunan gidan launinsu ɗaya, ruwan madara, irin fentin da kowane mai gidan haya yake shafawa. Ɗaki guda ne ya bambanta, wani ɗan ƙarami a kusurwa, inda Alhaji mai gidan yake ajiye buhuna da tsofaffin ƙyamare. Shi farar ƙasa aka shafa masa. In ka sa gado ka shimfiɗa tabarma, to wurin da ya rage na tsayuwar mutum ɗaya ne. Ba wanda ya zaci za a ba da shi haya, sai ga shi wata rana da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, aka sauke ƙaramin gado da akwati da risho da 'yan tukwane. Wata mata doguwa, baƙa, mai wushirya ta shigo tana gaisawa da kowa. Malamar asibiti ce, daga can wajen Filato aka turo ta aiki. Kowa ya kama kiranta Sista. Ni kuwa tun ranar farko da ta ga lallen ƙafata ta ce mini Amarya, kuma har muka rabu ba ta canza ba.

Kirista ce, mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza biyu suna can gida wurin mahaifiyarta saboda makaranta. Wannan duk daga baya na sani. Abin da na fara sani game da ita shi ne ba ta samun barci. Yawanci aikin dare take yi, ta dawo lokacin da yara ke tafiya makaranta, idanunta jajur, ta watsa ruwa ta shiga ɗaki. Tagar ɗakin gabas take kallo, ga katangar maƙwabta fara fat daf da ita. Rana na ɗagawa sai hasken ya daki katangar ya faɗo ciki, farar ƙasar ta karɓa ta watsa shi ko'ina. Ta sa labule, bai hana ba. Ta rataya zani a kan labulen, iska ta daina shiga, ɗakin ya koma tanderu. Ina ƙofata ina tsince shinkafa nakan ji ƙarar gadonta, ta juya nan ta juya can, can kuma ta fito ta zauna a bakin rijiya da jiƙaƙƙen tsumma a goshi.

Wata Asabar ta dawo daga kasuwa a kan babur, rungume da bokitin fenti, buroshi biyu sun leƙo daga jakarta. Ta ajiye a ƙofarta, ta waiwayo ta gan ni.

"Amarya, zo ki riƙe mini kujera," ta ce. "In na faɗo na karye ba mai yi mini ɗori, ni ce ke aiki yau."

Da ta ɓalle murfin na leƙa, na ɗauka baƙi ne. Sai da ta tsoma kara ta juya, ta ɗago shi a rana, sannan na ga kore ne, kore mai duhu irin na tsohon ganyen mangwaro. Ta ba ni labari tana dariya cewa mai shagon ya yi ta tambayarta ƙofar ƙarfe za ta shafa ko katangar waje. Da ta ce ɗakin kwana ne sai ya noƙe, ya yi ta nuna mata ruwan madara da ruwan hoda da shuɗi mai haske, har sai da ta ce in ba zai haɗa mata ba za ta yi gaba. Fentin ruwa ne, a gabanta ya zuba wa koren ɗan baƙi ya gauraya.

Muka fitar da kayanta tsakar gida, muka kankare farar ƙasar da tsohuwar wuƙa da guntun langa-langa, har muka yi buɗu-buɗu kamar masu aikin injin niƙa. Matan gidan suka taru suna kallo. Ɗaya ta ce ɗakin da ma ba faɗi, in aka sa masa duhu ai haɗiye mutum zai yi. Wata ta ce kunama za ta hau bango ba a gani ba. Babbar cikinsu, wadda muke kira Gwaggo, ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce ita dai ba ta son ɗakin da zai riƙa tuna wa mutum kabari tun yana da ransa. Sista ta saurare su duka, ta yi godiya, ta ce ita barci take nema, in a cikin tulu yake za ta shiga ta same shi. Aka yi dariya aka watse, amma kafin azahar labari ya kai wa Alhaji. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya dubi rabin bangon da aka shafa, ya daɗe yana jan carbi. Sista ta durƙusa ta gaishe shi ta yi masa bayani. Bai hana ba. Cewa ya yi kawai, duk ranar da za ta tashi ta mayar masa da ɗakinsa fari, yadda mai shiga zai yarda ya shiga. Ta ce ta amince, Baba.

Shafin farko bai yi kyau ba. Sawun buroshi duk ya fito, wani wuri duhu, wani wuri siminti na leƙowa, kamar bangon da ɗigar ruwa ta yi wa zane. Na ji mata kunya, don na san matan suna leƙe. Ita ko a jikinta. Washegari da ta dawo daga coci muka sake bi, wannan karon ta ba ni buroshi ɗaya, ina yin ƙasa tana yin sama. Sai launin ya zauna, ya yi sumul, ba ƙyalli. Silin da farko fari ta bar shi. Muka kwanta rigingine a kan siminti muna dubawa, ta ce kamar an kifa wa baƙar tukunya farin faranti. Ta tashi ta hau kujera ta shafe shi shi ma da ragowar.

Da ya bushe aka mayar da kaya, ta kira ni in gani. Na shigo daga rana ban ga komai ba, na tsaya ina lalube. A hankali idona ya saba. Abin da ya ba ni mamaki, ɗakin bai ƙanƙance ba kamar yadda aka ce. Da yana fari, kana shiga za ka ga inda kowane bango ya tsaya, kusurwoyin suna kallonka. Yanzu kusurwoyin sun ɓace, ba ka sanin inda bango ya ƙare silin ya fara, sai ka ji kamar in ka miƙa hannu ba za ka taɓa komai ba. Ɗan hasken da ke shigowa ta gefen labule ya daina tsalle-tsalle, ya kwanta wuri ɗaya a kan tabarma, siriri. Farar rigar aikinta da ke rataye a ƙusa kuwa, da hoton yaranta, da butar shayinta ta silba, kowanne ya fito fes kamar yau aka saye shi.

Na zauna a bakin gado, sai ɗakin kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, ya faɗo mini a rai. Iya muke ce mata. Ɗakin ƙasa ne a ƙauyenmu, an yi masa daɓe da ruwan makuba har ya yi ja mai duhu yana sheƙi, azarar sama kuwa hayaƙin shekaru ya rine ta. Muna yara in rana ta ƙwalle can muke gudu, mu kwanta rub-da-ciki a kan daɓen mu sha sanyinsa. Bayan rasuwarta aka rushe shi aka yi na bulo. Ban san ina kewarsa ba sai ranar. Na gaya wa Sista, ta ce ita ma ba barci kaɗai ya sa ta zaɓi wannan launin ba. A garinsu akwai wani kwari mai itatuwa a bayan gidansu, da damina in hadari ya haɗo haka ganyen yake komawa. Ta ce tun zuwanta take duban duwatsun Kazaure ko za ta ga irinsa, ba ta gani ba. Ranar ta yi barci har la'asar, yaran gidan na guje-guje a ƙofarta ko motsi ba ta yi ba.

Daga nan ɗakin ya zama wurin zamana. In ta tashi da la'asar sai ta ɗaga labule ta kira ni, in ɗauki abin da nake yi in tafi. Ina yi mata kitso tana ba ni labarin asibiti, ba tare da ta kama sunan kowa ba. Ita ta koya mini gwate mai yakuwa da gauta, ni na koya mata ɗanwake, wanda har ta bar garin nata bai daina narkewa a tukunya ba. In lokacin salla ya same ni a can, sai ta gyara mini tabarma ta hau gado ta yi shiru har in sallame. Da na samu ciki ita ta riga ni ganewa. Ta dube ni a wannan ɗan hasken ta ce in daina jan guga cike, kuma gobe in biyo ta awo.

Cikin ya tafi lafiya har watan haihuwa ya kama. Ranar kasuwar Babura ce, maigidana ya fita tun asuba. Da hantsi na ji wani ciwo da ban gane masa ba, ga shi tun da gari ya waye ban ji motsi a cikina ba. Na je na buga ƙofar Sista, ba ta daɗe da kwanciya ba. Ta ɗora hannu a cikin, sannan ta ɗaura kallabi ta fita da kanta ta tsayar da adaidaita sahu. A asibiti an yi duk abin da za a yi. Bayan azahar na haihu, namiji, bai yi kuka ba. Sista ce ta naɗe shi a zanen da na zo da shi, ta tambaye ni ko ina so in gan shi. Na ce ina so. Gashinsa da yawa, hancin kuwa na babansa. Kafin magariba maigidana ya iso, shi da maƙwabta suka kai shi.

Da aka dawo da ni gida ɗakina ya gagare ni zama. Inna, mahaifiyata, ta zo daga ƙauye washegari, ta tattara kayan jariri ta cusa ƙarƙashin gado, amma na san suna nan. Mata suna ta shigowa jaje, a zauna a yi addu'a, a ce Allah Ya sa mai ceto ne, Allah Ya kawo rayayye, a dubi fuskata a ga yadda na ɗauka. Ni kuma in gyara zama in ce amin. Bangon nan ruwan madara, da kwanukan jere, da madubin kabad, komai ƙyalli yake yi, ba inda zan juya fuskata ba a gan ni ba. Ga wankan jego safe da yamma, ga kunun kanwa, ga nono ya kawo ya cika ba mai sha. Hawaye kuwa ya ƙi zuwa. Inna tana ta yaba haƙurina a gaban mutane, ni kuwa ji nake kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji.

Ana haka, wata rana bayan wankan safe Inna ta fita bakin murhu, sai Sista ta shigo da kayan aiki a jikinta, ko ɗakinta ba ta biya ba. Ta dube ni, ta kama hannuna ta tashe ni, muka ratsa tsakar gida a hankali. Ta kwantar da ni a gadonta, ta saki labule, ita ta kwanta a tabarma ta juya mini baya.

"Nan ba mai ganin fuskarki, Amarya," ta ce. "Ni ma barci zan yi."

Ban san ko ta yi barcin ba. Na kwanta ina duban bangon da na shafa da hannuna, har na daina ganinsa, ya zama kamar wani wuri mai nisa inda ba kowa. Sai kukan ya zo, da farko ba sauti, daga baya ya ƙwace mini. Ba ta juyo ba, ba ta ce in yi haƙuri ba. Can da na ɗan lafa sai na ji hannunta ya lalubo ƙafata daga ƙasa ya riƙe. A haka barci ya ɗauke ni, barcin kirki na farko tun da abin ya faru.

Inna ba ta ji daɗi ba. Ta ce mai jego ba ta yawon ɗakunan mutane, balle ɗakin da rana tsaka yake kamar rami, kuma me za a ce in masu jaje sun zo ba su same ni ba. Na ce to, amma washegari na koma. Da abin ya ishe ta sai ta biyo ni da niyyar fito da ni. Ta yi sallama ta ɗaga labule, ta tsaya tana ƙifta ido. Sista ta tashi zaune ta gaishe ta, ta ce ta shigo ga wuri. Don kunya Inna ta shigo, ta ɗofana a bakin gado, kwanon kunu a hannunta. Ta bi ɗakin da kallo. Na ga ta miƙa hannu ta shafa bangon, ta duba tafinta ko ya kama, ta sake shafawa.

"Kamar ɗakin Iya," ta ce.

Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta fara magana. Na san an haifi wasu kafin ni, amma ba a taɓa yin zancensu a gidanmu ba. Ta ce biyu ne, mace da namiji, duk ba su zo da rai ba, kuma a ɗakin Iya ta yi jegonsu. A na biyun ta yi kwanaki fuskarta na bango, Iya na zaune a bakin ƙofa tana kaɗi, duk wanda ya zo ta ce masa barci take. Inna mace ce mai kawaici, ni ce babba a cikin waɗanda suka rayu, ko sunana ba ta faɗa. Ban taɓa jin ta yi mini magana mai tsawo haka ba, kuma na tabbata da a ɗakina ne, inda za mu ga idon juna, ba za ta iya ba. A nan muryarta kawai nake ji. Da ta gama ta miƙo mini kunun ta ce in sha tun bai huce ba. Daga ranar ita take rako ni da kanta, in masu jaje sun zo ta tare su a ɗakina ta ce na ɗan kwanta.

Bayan arba'in Inna ta koma ƙauye, mu kuma muka ci gaba da zamanmu na la'asar. Ba mu cika tada zancen ba. Shekara ta zagayo aka yi wa Sista canjin wurin aiki zuwa Babura. Ina tsefe mata kai ta gaya mini, kamar ba wani abu ba, sannan ta ce sai kuma a cika wa Alhaji alkawarinsa. Maigidana ya ce shi zai yi aikin, ya kawo farin fenti ranar da ba shi da kasuwa. Ashe duhu ba ya rufuwa da sauƙi. Ya shafa ya bushe, koren ya leƙo ta ƙarƙashi, ɗakin ya koma launin ruwan wanki. Ya sake bi, ya sake bi, har bokitin ya ƙare aka ƙaro wani. Ni ina tsakar gida zaune a kan akwatinta ina jin saf-saf ɗin buroshi. Da aka gama na leƙa. Kusurwoyin sun dawo, ɗakin ya koma ɗan akurkin da yake a da. Na rasa yadda aka yi mu uku muka taɓa zama a ciki.

Ranar tafiya ta bi ɗaki-ɗaki ta yi sallama. Gwaggo, mai zancen kabari, ita ta fi kowa share ido da bakin zani. Ni na raka ta har bakin titi. Ta ce Babura ba nisa, maigidana ma kusan kullum yana can, ba ni da hujjar ƙin zuwa.

Na kuwa je. Wata ranar kasuwa muka shiga ƙaramar bas, maigidana ya raka ni gidajen ma'aikata ya wuce cikin 'yan hatsi. Ɗakinta na can ya fi na Kazaure girma nesa ba kusa ba, taga gaba da baya, fenti ruwan madara, kuma an ce ba a yarda ma'aikaci ya canza launi ba. Ta rataya baƙaƙen zannuwa a tagogin amma hasken yana zagayowa. Ta rame, idanun sun koma ja. Ta ce tana yin barci, sai dai sama-sama. Muka ci gwate, ta ba ni labarin matan da ke tsallakowa daga Nijar su haihu a hannunta, yadda Hausarsu take ba ta dariya, tata kuma take ba su. A lokacin ina da ƙaramin ciki, ban gaya wa kowa ba sai maigidana. Da tana raka ni ta dubi tafiyata ta yi murmushi.

"Zuwa na gaba da goyo nake son ganinki," ta ce.

Na haifi mace, lafiya lau. Sista ta zo suna, ta iso da rana ta koma da yamma saboda aiki. Ta riƙe yarinyar ta yi mata addu'a irin tasu, Inna na gefe tana cewa amin. Goyon kuwa ban kai mata ba. Kafin yarinyar ta fara zama mahaifiyar Sista ta kwanta ciwo, Sista ta nemi a mayar da ita aiki gida, aka mayar. Mun ci gaba da gaisawa ta wayar maigidana, da Salla ita ta kira, da Kirsimeti mu mu kira. Wata shekara muka kira aka ce layin a kashe yake. Muka yi ta gwadawa, har wata rana wani namiji ya ɗauka, ya ce shi bai san wata Sista ba, sabon layi ne ya saya. Maigidana ya yi tambaya a Babura, ya tarar waɗanda suka yi aiki da ita duk an watsa su wurare. Sunan garinsu ta sha faɗa mini, amma kunnena na 'yar ƙauye bai riƙe shi daidai ba, don ban taɓa kawowa zan buƙace shi ba.

Yanzu a Roni muke, a gidanmu na kanmu, yara sun yi yawa, babbar har ta fi ni tsawo. Da ana ginin na roƙi maigidana a bar mini wani ɗan ɗaki a bayan madafa, a shafa masa kore mai duhu. Bai tambaye ni dalili ba. Mai fentin ya haɗa, na ce ya ƙara baƙi, ya ƙara, na ce ya yi yawa, ya ƙara kore, har ya gaji ya ce Hajiya sai dai in za ki kawo samfur. Ina zan samo samfur? Muka tsaya a kan wanda ya fi kusa. Ɗakin ya yi kyau, yana da sanyi, baƙi in sun shiga sukan yi shiru, can su ce ashe haka abin yake. Nakan shiga bayan azahar in kwanta. Amma ina jin inda bangon yake. Ko launin ne bai dace ba, ko tagar ce ba ta kalli inda ya kamata ba, ko kuwa don ba mai numfashi a tabarma, ban sani ba. Inna ta kwana a ciki a zuwanta na ƙarshe kafin ta rasu. Da safe ta tambaye ni ko an ji labarin 'yar Filaton nan, na ce a'a. Ta ce Allah Ya sa tana lafiya, mutuniyar kirki.

Bara na je Kazaure biki, na biya kasuwa, na tarar da wata mata tana sayar da dankalin Turawa da kabeji a gefen wata mota. Da ta buɗe baki na ji Hausarta irin ta Sista ce. Na tsuguna ina zaɓen dankalin da ba na buƙata, na tambaye ta daga ina, ta ce Filato. Na faɗa mata sunan Sista, na kwatanta mata ita, na ce ta yi aiki a nan da Babura, mijinta ya rasu, 'ya'yanta yanzu sun isa aure. Na faɗi sunan garin yadda na riƙe shi. Ta juya shi a bakinta, ta ce akwai garuruwa biyu masu kama da haka, kuma tsakaninsu da tazara. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce in ta koma za ta sa a yi cigiya a coci, ta karɓi lambar babbar 'yata. Bayan girbi ta kira, ta ce a garin farko ba a san ta ba, na biyun kuma ruwa ya cinye hanyarsa, sai da rani ƙanenta zai je, zai tambaya. Na yi mata godiya, na ce ba gaggawa. Yanzu ranin ya shigo. Na gaya wa 'yata duk baƙuwar lambar da ta kira ta kawo mini wayar, in kuma ina salla ta roƙi mai kiran ya ɗan jira.